Tashi da Faɗuwar Kamfanin InVision, 2011 zuwa 2024

Gabatarwa

Masu nazarin tarihi sun saba da labarin garuruwa da kasuwanni, yadda su kan kafu, su bunƙasa, sa'an nan su ja da baya bayan shekara ɗari ko metan, galibi sabo da hanyar fatauci ta kauce musu. A zamanin kwamfuta kuwa, a kan sami kamfanin da ya yi dukan wannan tafiya cikin shekara goma sha 'yan kai. Ɗaya daga cikin irin waɗannan shi ne InVision, wani kamfani na ƙasar Amurka wanda aka kafa a 2011. A ƙarshen 2018 masu zuba jari sun ƙimanta shi a kan dala miliyan 1,900. A watan Janairu na 2024 shugabansa ya ba da sanarwa cewa za a rufe ayyukansa a ƙarshen wannan shekara, aka kuwa rufe.

Manufar wannan takarda ita ce ta bi labarin daki daki: irin bukatar da ta haifi kamfanin, da abin da ya ɗaukaka shi, da dalilan da suka kayar da shi. Al'amarin ya cancanci nazari domin kamfanin bai faɗi sabo da zamba ba, bai kuma faɗi don sana'ar da ya ke yi wa hidima ta mutu ba. Hasali ma sana'ar ƙara haɓaka ta yi. Kamfanin ne ya rasa matsayinsa a cikinta tun yana da kuɗi da suna.

Bayanin kalmomi

Kafin a shiga labari, ya kamata a tsai da ma'anar kalmomi uku. Ta farko ita ce manhaja. Asalinta Larabci ne, malaman makaranta kuma sun san ta da ma'anar tsarin darussan da a ke bi a shekara. A yau an faɗaɗa ta, ta haɗa da tsarin umarnin da kwamfuta ko wayar hannu ke bi ta yi wani aiki, kuma da wannan ma'ana ta biyu aka yi amfani da ita a nan. Ta biyu ita ce zayyana, wadda ita ma daga Larabci ta zo. Mai zayyana a wannan fage shi ne wanda ya ke tsara fuskar manhaja, watau abin da mutum zai gani a gilashin waya: inda rubutu zai zauna, da launi, da wurin da za a taɓa, da abin da zai biyo bayan taɓawar. Ba shi ne ya ke rubuta umarnin da zai sa manhajar ta yi aiki ba. Wannan aikin injiniya ne.

Ta uku ita ce samfur, wadda aka aro daga Turanci tun zamanin kantunan Turawa. Samfurin gwaji shi ne kwaikwayon manhaja wanda a ke yi tun ba a gina ta ba. Ga ido kamar ta gaske ce, in an taɓa nan sai wancan shafi ya buɗe, amma babu kome a ƙarƙashi. Amfaninsa a fili ya ke. Gyaran zane aikin sa'a guda ne, gyaran manhajar da aka riga aka gina kuwa ya kan ci makonni da kuɗi masu yawa. Kamar dai mai ɗinkin babbar riga ne, wanda ya kan zana aska a kan ƙyalle, mai riga ya gani ya yarda, kafin a sa allura.

Halin da a ke ciki kafin 2011

Kamfanin Apple ya fito da wayar iPhone a 2007, ya buɗe kasuwar manhajojinta a 2008. Cikin 'yan shekaru kaɗan bankuna da jaridu da kantuna da kamfanonin sufuri duk suka ga tilas kowa ya mallaki manhajarsa. Bukatar masu zayyana ta ƙaru ƙwarai, amma kayan aikinsu bai dace da sabon aikin ba. Mafi yawansu suna amfani ne da Photoshop na kamfanin Adobe, wanda ya fito tun 1990, an kuwa yi shi ne domin gyaran hotuna. Adobe yana da wata manhaja mai suna Fireworks wadda ta fi kusa da wannan aiki, sai dai ya daina haɓaka ta a 2013. A 2010 wani ƙaramin kamfani na ƙasar Holand ya fito da Sketch, wadda aka yi musamman domin zana fuskokin manhaja. Ta sami karɓuwa sosai, amma ba ta aiki sai a kan kwamfutar Apple.

Ko da Photoshop aka yi zane ko da Sketch, matsalar ɗaya ce. Abin da mai zayyana ya gama hoto ne tsayayye. In manhaja tana da shafi arba'in, sai ya fitar da hoto arba'in, ya aika wa mai aiki ta wasiƙar intanet, ya bi su da bayanin cewa in an taɓa nan, hoto na bakwai ne zai fito. Mai aiki ya ba da amsa a wata wasiƙa, manaja ya ba da tasa dabam, injiniya ya yi aiki da tsohon hoto bai san an sake shi ba. Tsakanin mai zane da sauran jama'ar da aikin ya shafa akwai wani rami, kuma a cikin wannan rami InVision ya sami wurin zama.

Kafuwar kamfanin da irin aikinsa

Mutum biyu ne suka kafa shi, Clark Valberg da Ben Nadel. Da can suna da wani ɗan kamfani a birnin Niyok wanda ya ke gina wa mutane manhajojin intanet, don haka sun sha fama da wannan matsala da kansu. Valberg ya zama shugaba, Nadel kuwa injiniya ne, shi ya jagoranci rubuta manhajar ta farko.

Dabarar mai sauƙi ce. Mai zayyana zai ɗora hotunansa a shafin InVision na intanet. Sa'an nan ya shata ɗan fili a kan hoto, misali a kan wurin da aka rubuta “shiga”, ya ce in an taɓa nan a nuna hoto kaza. Da ya gama ɗaure hotunan da juna, sai a ba shi adireshi guda ɗaya, ya aika wa duk wanda ya so. Wanda ya karɓa ba ya bukatar sayen kome ko koyon kome. Zai buɗe a kwamfutarsa ko a wayarsa, ya yi ta taɓawa kamar manhajar gaske, in ya ga abin gyara ya rubuta ra'ayinsa a kan daidai wurin da ya ke nufi, kowa ya gani.

A nan akwai abin lura wanda duk sauran labarin ya rataya a kansa. InVision ba ya yin zane. Zanen a Photoshop ko Sketch a ke yin sa, shi kuwa aikinsa ya karɓa ya kai wa jama'a. Matsayinsa matsayin dillali ne. Dillali ba shi da haja, amma muddin mai kaya da mai saye ba su da hanyar saduwa sai ta wurinsa, la'adarsa ba ta yankewa.

Wani abin da ya bambanta kamfanin shi ne ba shi da ofis. Tun farko aka shirya kowane ma'aikaci ya yi aiki daga inda ya ke. A 2018 ma'aikatansa sun kai wajen 700, a warwatse cikin ƙasashe da yawa, har ya zama a kan buga misali da shi in ana maganar aiki daga gida, tun kafin annobar 2020 ta tilasta wa duniya yin haka.

Shekarun bunƙasa

Kamfanoni irin wannan ba da ribarsu su ke girma ba. Masu zuba jari ne su ke ba su kuɗi kashi kashi, su karɓi hannun jari, da fatan wata rana a sayar da kamfanin ko a kai shi kasuwar hannun jari su ci riba ninkin ba ninkin. InVision ya sami irin wannan kuɗi kusan kowace shekara. A 2014 an zuba masa dala miliyan 21, a 2015 miliyan 45, a 2016 miliyan 55. A watan Nuwamba na 2017 aka zuba miliyan 100, aka ƙimanta shi a kan kimanin dala miliyan 1,000. A watan Disamba na 2018 kamfanin jari na Spark Capital ya jagoranci zuba miliyan 115, ƙima ta kai miliyan 1,900. Jimlar abin da ya tara tun kafuwarsa ta kai wajen dala miliyan 350. Kamfanin da bakinsa ya ce masu amfani da shi sun haura miliyan 7, kuma dukan manyan kamfanonin Amurka 100 da mujallar Fortune ta ke jerawa suna cikin abokan cinikinsa.

An kashe wannan kuɗi ta hanya uku. Ta farko ita ce ƙara sababbin kayan aiki. A 2016 aka fito da Craft, wasu 'yan ƙananan manhajoji da a ke liƙa wa Sketch da Photoshop domin zane ya wuce InVision ba tare da wahala ba. Aka yi Inspect, wanda ya ke nuna wa injiniya awon kowane abu da launinsa. A 2017 aka yi Freehand, wani farin allo a intanet wanda mutane da yawa za su yi zane a kansa tare. Ta biyu ita ce sayen ƙananan kamfanoni, kamar Macaw a 2016, da Brand.ai a 2017, da Wake a 2018.

Hanya ta uku ita ce ta fi sa kamfanin ya yi suna, watau ɗaukaka darajar sana'ar zayyana kanta. A 2016 ya shirya wani fim mai suna Design Disruptors, inda masu zayyana na manyan kamfanoni suka yi bayanin aikinsu, aka nuna shi a birane da yawa. Ya buga littattafai kyauta a intanet, ya shirya hirarraki da tarurruka. Saƙon guda ne: mai zayyana ba mai ado ba ne wanda a ke kira bayan an gama aiki, a'a, ya kamata ya zauna a majalisar da a ke yanke shawara. Wannan wa'azi ya shiga kunnen shugabannin kamfanoni. Suka ƙara ɗaukar masu zayyana, suka ware kuɗi domin kayan aikinsu.

Bayyanar Figma

Sa'ad da InVision ya ke shekara guda da kafuwa, watau a 2012, wasu samari biyu da suka haɗu a Jami'ar Brown, Dylan Field da Evan Wallace, suka kafa wani kamfani mai suna Figma. Field ya bar karatu bayan ya sami tallafin dala 100,000 daga asusun Peter Thiel. Abin da suka sa gaba shi ne a yi zanen kansa a cikin burauza, watau manhajar da a ke buɗe shafukan intanet da ita. A lokacin mutane da yawa suna ganin burauza ba ta da ƙarfin ɗaukar irin wannan aiki. Wallace ya dogara ga wata sabuwar dabara mai suna WebGL, wadda ta ke bai wa burauza damar yin amfani da sashen kwamfuta mai sarrafa hotuna. Suka shafe shekara uku da wani abu suna gini ba su sayar da kome ba. A watan Disamba na 2015 suka fara bai wa zaɓaɓɓun mutane su gwada, a watan Satumba na 2016 suka buɗe wa kowa.

Abin da Figma ta zo da shi shi ne zane ya bar zama fayil a cikin kwamfutar mutum ɗaya, ya koma abu guda da ke zaune a intanet. Mutum biyar suna iya buɗe shi lokaci ɗaya, kowa yana ganin hannun ɗan'uwansa yana motsi. Ba a tambayar wane kwafi ne na ƙarshe, gama kwafi ɗaya ne. Ba a kuma damu da irin kwamfutar da mutum ya ke da ita ba, ta Apple ce ko mai Windows. Tun da manaja da injiniya da mai aiki duk suna iya buɗe zanen da adireshi guda, su rubuta ra'ayinsu a kansa, rabin aikin InVision ya riga ya shiga ciki. A 2017 Figma ta ƙara hanyar ɗaure shafi da shafi a yi samfurin gwaji, ɗaya rabin ma ya shiga.

Ba Figma kaɗai ba. Adobe ya fito da tasa manhajar mai suna XD, wadda aka fara gwadawa a 2016, ta haɗa zane da samfuri wuri ɗaya. A 2018 ita ma Sketch ta ƙara hanyar yin samfuri a cikinta. Cikin shekara biyu sai ga shi dukan masu haja sun buɗe ƙofa kai tsaye zuwa ga masu saye. Abin da ya ke cikakken kamfani a 2014 ya zama ɗan sashe ne kawai na manhajar wani a 2018.

Yunƙurin Studio

Ba daidai ba ne a ce shugabannin InVision ba su hango wannan ba. Sun hango, sun kuma san maganinsa shi ne su mallaki wurin da a ke yin zanen. A watan Oktoba na 2017 suka ba da sanarwar Studio, manhajar zane tasu ta kansu, wadda za ta haɗa zane da samfuri da motsin hotuna. An yi mata shela mai ƙarfi, masu zayyana da yawa suka rubuta sunansu suna jira. Fitowarta ta yi jinkiri, sa'ad da ta iso hannun mutane a 2018 kuma, da yawa suka koka cewa tana da nauyi, ba ta kuma kammala ba. Mai sana'a ba ya sake kayan aikinsa don shela. Ya kan gwada sau ɗaya ko sau biyu, in bai gamsu ba ya koma inda ya saba.

Amma babban aibin Studio ba jinkiri ba ne, siffarta ce. An yi ta ne a matsayin manhajar da a ke saukewa a kwamfuta, mutum ɗaya ya yi zane a fayil nasa, sa'an nan ya tura wa InVision domin sauran jama'a su gani. Watau an gina ta ne domin ta kara da Sketch, a kan tsarin aiki irin na Sketch, alhali kuwa Figma ta riga ta sake tsarin gaba ɗaya. Ko da Studio ta fito ba aibi ko ɗaya, da ta zama gwanar wani zamani ne da ke wucewa.

A ciki kuma akwai wata wahala. Manhajar InVision ta asali ta tsufa, sai kamfanin ya shiga aikin sake gina ta daga tushe, wanda a ke kira V7. Aikin ya ɗauki shekaru, tsawon lokacin kuwa tilas a riƙa kula da tsohuwa da sabuwa tare, a kuma riƙa kwashe abokan ciniki daga waccan zuwa wannan. Ga Studio, ga Craft, ga Freehand, ga kayan kamfanonin da aka saya, kowanne da nasa ma'aikata da nasa bukatu. Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu, to balle biyar. A wajen mai zayyana kuwa, abin da ya ke gani shi ne sai ya ratsa manhaja uku ko huɗu, ya biya kuɗi wuri biyu, kafin ya yi abin da Figma ke yi masa a shafi guda.

Ja da baya da rufewa

Annobar korona ta 2020 ta kori ma'aikatan ofis zuwa gidajensu. A zahiri wannan lokaci ne da ya kamata ya yi wa InVision daɗi, tun da shi ne kamfanin da ya fi kowa sanin aiki daga nesa. Amma abin da jama'a suka bukata shi ne wurin da za su yi aikin tare a lokaci guda, wannan kuwa Figma ce ta ke da shi. A watan Afrilu na 2020 aka ƙimanta Figma a kan dala miliyan 2,000, a watan Yuni na 2021 a kan miliyan 10,000. InVision bai ƙara samun wani babban jari ba bayan na 2018.

Da ya ga fagen zane ya kuɓuce, sai ya mai da ƙarfinsa kan Freehand, farin allon nan. Amma nan ma akwai waɗanda suka riga shi zama, musamman Miro da Mural, kuma a watan Afrilu na 2021 Figma ta fito da nata allon mai suna FigJam. A 2022 bankin Amurka na tsakiya ya shiga ƙara kuɗin ruwa, masu jari suka ɗaure bakin jaka, suka koma tambayar riba maimakon girma. A watan Yuli na wannan shekara InVision ya sallami kimanin rabin ma'aikatansa. Aka janye Studio. Wajen ƙarshen 2023 aka sayar wa Miro da Freehand. A watan Janairu na 2024 Michael Shenkman, wanda ya ke shugaba a lokacin bayan saukar Valberg, ya sanar cewa sauran ayyukan za su tsaya a ƙarshen shekara.

Domin a ga girman kasuwar da ta kuɓuce, sai a dubi abin da ya sami Figma. A watan Satumba na 2022 Adobe ya amince zai saye ta a kan dala miliyan 20,000. Hukumomin hana babakere na Tarayyar Turai da na Birtaniya suka nuna rashin yarda, a watan Disamba na 2023 aka fasa cinikin, Adobe ya biya Figma dala miliyan 1,000 ladan fasawa. Shi kansa Adobe ya daina haɓaka XD. A ƙarshen Yuli na 2025 Figma ta shiga kasuwar hannun jari ta Niyok.

Auna dalilai

A kan ji masu sharhi suna cewa InVision ya kashe ƙarfinsa a kan fim da littattafai da tarurruka, ya bar manhajarsa ta tsufa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce dukan gaskiya ba. Kamfanin ya ɗauki injiniyoyi da yawa, ya kuma kashe kuɗi mai tsoka a kan Studio da V7. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne shelar ta yi aiki fiye da kima, har ta ɓoye rauni. Muddin manyan kamfanoni suna sabunta yarjejeniyarsu ta shekara shekara, lissafin kuɗi zai nuna lafiya lau, alhali masu zayyana da ke cikin waɗannan kamfanoni sun riga sun fara buɗe Figma da kansu. Ƙima mafi girma da aka yi wa InVision, ta Disamba 2018, ta zo ne fiye da shekara guda bayan Figma ta fara yin samfuri. Kuɗin masu jari yana bin labarin jiya ne.

Dalili mafi zurfi shi ne wanda aka ambata tun farko, watau matsayin dillali. Duk amfanin kamfanin ya dogara ne ga wani gibi da ke cikin kayan wasu, masu kayan kuma suna da ikon toshe gibin duk ran da suka ga dama. Zanen aro ba ya rufe katara. Fita daga wannan hali kuwa ba ta da sauƙi kamar yadda a ke zato daga baya. Figma ta sami shekaru tana gini a ɓoye domin ba ta da abokan ciniki da za ta ɓata wa rai, ba ta da ma'aikata ɗari bakwai da za ta biya. InVision yana da duka biyu, kuma mafi yawan abokan cinikinsa masu Sketch ne, don haka abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya yi musu wata Sketch wadda ta fi kyau. Nasarar farko ita ce ta shata masa iyakar abin da zai iya hangowa.

Game da wa'azinsa na darajar zayyana kuwa, ya ci nasara, sai dai wani ne ya girbe. Shugabannin da InVision ya koya wa cewa zayyana ta cancanci kuɗi, su ne suka sa hannu a takardun biyan Figma. Ya zama inuwar giginya, na nesa ya sha.

Kammalawa

Abu biyu ne ya kamata malamai su ɗauka daga wannan tarihi. Na farko ya shafi koyarwa. A tsakiyar shekarun 2010 sanin InVision yana cikin abin da a ke nema ga mai neman aikin zayyana, an kuwa koyar da shi a kwasa-kwasai masu yawa. Ɗalibin da aka koya wa inda zai taɓa kawai, iliminsa ya ƙare ranar da aka rufe kamfanin. Wanda aka koya wa dalilin yin samfuri, da yadda a ke gwada shi a kan mutane, da yadda a ke karɓar gyara, ya ɗauki iliminsa ya koma wata manhaja cikin mako guda. Photoshop ta ba Sketch wuri a wannan fage, Sketch ta ba Figma, babu kuma dalilin zaton jerin ya tsaya nan.

Na biyu ya shafi masu tarihi da masu ajiyar takardu. Samfuran da aka ɗora a InVision cikin shekara goma sha uku, da muhawarar da aka rubuta a gefensu, shaida ce ta yadda aka tsara manhajoji da yawa waɗanda mutane su ke amfani da su kullum. Duk a kwamfutocin kamfani ɗaya su ke zaune. An bai wa masu su wa'adin kusan shekara guda su kwashe abin da za su iya, wanda bai kwashe ba kuwa ya rasa hanyar komawa gare shi. Littafin da aka buga a 1950 ana iya samunsa a laburare ko da maɗaba'ar ta daɗe da rufewa. Aikin da aka ajiye a shafin kamfani ba shi da wannan tabbaci, rayuwarsa ɗaure ta ke da ta kamfanin. Duk wata makaranta ko cibiya da ke ajiye aikinta ta wannan hanya, ya kamata ta riƙa riƙe kwafi a hannunta tun mai masaukin yana da ƙarfi.